Ƙwallon Mangwaro a Bakin Zauren Kawu

Kabu-kabu nake yi a Tambuwal kafin in karye. Mashin ɗin ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne mai shagon siminti a bakin titin Sakkwato, mutum mai sauƙin kai wanda suka yi makarantar allo da mahaifina. In ɗauka da safe, in wuni ina kai da kawowa tsakanin tasha da kasuwa da sakatariya, wata rana a yi sa'a a samu mai zuwa Dogon Daji ko wani ƙauye. Da yamma in ware wa Alhaji nasa, abin da ya saura shi ne cefanen gobe. Ranar da aka samu a ci da nama, ranar da ba a samu ba maiɗakina ta kaɗa kuka da daddawa, mu ci mu gode Allah. Ban ɗauki wannan wahala ba a lokacin. Duk abokan aikina haka suke, hannu baka hannu ƙwarya, ga ƙuruciya, ga raha a inuwar tasha.

A farkon wata bazara na kai wani mutum ƙauyensu da buhun gishiri. Ina dawowa ni kaɗai a hanyar yashi, sai wani ɗan maraƙi ya fito daga cikin sabara a guje. Na kauce masa, yashi ya kwashe tayar gaba, mashin ya kwanta a kan ƙafata ta hagu. Na ji ƙarar ƙashin kafin zafin ya iso. Wasu masu amalanken shanu ne suka tsince ni, suka shimfiɗa ni a kan harawa suka kawo ni bakin titi, daga nan aka kai ni gida.

Washegari Kawu ya iso. Yayan mahaifiyata ne, manomi mai 'yan shanu a Fakku, can ƙasar Kebbe. Dogo ne siriri, ba ya yawan magana, in zai yi kuma sai ya gama kallon abu tukuna. Ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙwaurina da ya kumbura, sannan ya juya ga mahaifiyata.

"Ki ba ni shi in tafi da shi," in ji shi. "Akwai gidan masu ɗori kusa da mu, tun kakanni aikinsu ke nan. Kuma can ba shi jin kukan mashin, balle shi ce zai tashi kafin lokaci."

Maiɗakina ta zauna a Tambuwal da 'yarmu ƙarama tare da mahaifiyata. Tana soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa, da shi za su riƙa lallaɓawa. Alhaji ya zo dubiya, ya ce in kwantar da hankalina, mashin yana nan yana jirana.

Ba zan tsaya bayanin ɗorin ba, wanda ya taɓa sha ya sani. Aka ja ƙafar, aka jera mata kara, aka naɗe da tsumma, aka ce kada in kuskura in taka. Kawu ya ba ni ɗan ɗakin da ke jikin zaurensa, da tabarma, da buta, da sandar dogarawa. Zafin ƙafar ya lafa da sauri fiye da yadda na zata. Zaman ne ya fi ci mini rai. Mutumin da ya saba iska tana dukan fuskarsa tun safe, ga shi an ajiye shi wuri guda kamar tulu. Maganar Kawu ta rashin mashin ma ba ta cika ba, domin jefi-jefi wani yakan wuce ta bayan gari, ni kuwa daga kwance ina gane wanda sarƙarsa ta saki da wanda ke neman juyen baƙin mai.

Da na fara iya jan jiki, sai na mai da bakin zaure wurin zamana. Daga nan ana hangen turken shanu, daga nan kuma na fara lura da yadda Kawu ke tafiyar da safiyarsa. In ya dawo daga masallaci ba ya komawa ɗaki. Yakan bi shanun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wuya, ya duba kunne da hantsa ko akwai kaska, ya ɗaga kofato, yana yi musu 'yar magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Sannan ya kwashe kashin da suka yi ya kai bisa tsibin taki a bayan darni. Daga nan ya zauna ya tufka ɗan abin da ya samu na igiyar rama, ya rataye, kafin a kawo kunu. Duka-duka bai kai a kira shi aiki ba. Amma ban ga ranar da ya tsallake shi ba, ko ranar kasuwa, ko ranar da ya tashi da zazzaɓi yana rawar ɗari cikin zafin bazara. Tsibin takin ya kusa kai tsawon mutum. Igiyoyin kuwa, da hidimar suna ta taso a gidan, su ya sauke aka kai kasuwa, bai taɓa rumbu ba.

Ya gwada koya mini tufka don in rage zaman banza. Hannuna ya ƙi. Igiyata takan fito wani wuri kamar damtse wani wuri kamar tsinke. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce ta isa ɗaure kaza in kazar mai haƙuri ce. Muka bar zancen.

Lokacin mangwaro ne, ana kawo shi cikin kwanduna daga fadama, kowa a gidan yana sha yana jefar da ƙwallo inda ya ga dama. Ni kuma saboda ƙafa wuri guda nake alwala, gefen dakalin zaure, inda nake iya miƙe ta a kan wani dutse. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki buta, sai na ga wani abu ja-ja mai sheƙi ya huda ƙasa daidai inda ruwan ke sauka. 'Yan ganye ne masu laushi, sun rataya kamar kunnen ɗan akuya sabon haihuwa. Ko'ina a ƙofar gidan ƙasa ta bushe ƙamas, sai wannan ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba.

Na kira Kawu. Ya zo da igiya a hannu ya tsaya a kaina.

"Kawu, ku duba abin da ya fito."

"Mangwaro na," ya ce. "Wani yas sha yaj jefar, kai kuma kab ba shi ruwa."

"Ni ban ba shi ruwa ba. Alwala kawai nika yi nan."

"To ai shi ke nan. Ruwan buta ba yawa garai ba, amma ba shi fashi. Da tulu guda anka juye mai rana ɗaya anka tafi, da bai fito ba."

Ya koma wurin shanunsa. Ban ɗauki maganar wani babban abu ba. Abin da na sani shi ne washegari, ina farkawa, tsiron nan ne ya fara faɗo mini a rai. Na ja jiki na je na duba. Ya ƙara ɗan tsawo, ko kuma idona ne ya so ya ga hakan. Na kewaye shi da tsakuwa da ƙaya saboda kaji.

Daga nan na shiga tara ƙwallaye. Matar Kawu, wadda muke ce wa Inna, ta ba ni gwangwanayen tumatir da suka yi tsatsa, ta kuma riƙa tattaro mini ledojin fiya-wata da ake yarwa ranar kasuwa. Kawu ya ce in ɗebi taki daga ƙasan tsibi, wanda ya riga ya ruɓe ya yi baƙi, in gauraya da yashi. Shi ne kuma ya nuna mini yadda ake fasa ɓawon ƙwallon da wuƙa a ciro ɗan cikin ba tare da an ji masa ciwo ba, don ya fi saurin fita. Kowace safiya, in ya nufi turke, ni kuma in jawo kwanon ƙasata. In cika 'yan ledoji, in huda gindinsu da tsinke, in binne iri, in bi na jiya da na shekaranjiya da buta. Kafin kunu ya iso na gama. Ba na yin da yawa, ƙafar ba ta bari. Amma yanzu ina da abin da ke tashe ni, kuma na daina kasa kunne ga mashinan da ke wucewa.

Da ruwa ya sauka maiɗakina ta zo dubiya. Ta tarar da ledoji jere a gindin katanga, wasu da jan ganye, wasu sun fara kore.

"Maigida, wagga gona fa? Ni an ce mani jinya kaka yi."

"Jinyar ke nan."

"To mi za a yi da su?"

Na ce ban sani ba tukuna, kuma gaskiya ke nan. Ta tsuguna ta taɓa ganyen ɗaya, ta ce in dai za a kai su Tambuwal, kangon bayan ɗakinmu yana nan, babu abin da ke cikinsa sai tsohon turmi.

Sai da aka gama noman farko aka kwance ɗorin. Na fara takawa da sanda, daga baya na ajiye ta, ko da yake har yau in hadari zai haɗu ƙafar takan riga kowa sani. Ranar komawa direban bas ya yi ta mita da ya ga kwanduna cike da ledojin ƙasa, ya ce shi mutane yake ɗauka ba gona ba, amma dai ya ɗaure su bisa.

Alhaji ya cika alkawari, na koma kan mashin. A nan ne abin ya yi wuya. Safiya ita ce kasuwar ɗan kabu-kabu: ma'aikata, 'yan makaranta, masu sammakon motar Sakkwato. A Fakku ba ni da abin yi sai dashen, a nan kuwa duk ɗan lokacin da na yi a kango wani fasinja ne ya hau bayan wani. Na yanke wa kaina cewa ba zan tada mashin ba sai na ba su ruwa, na kuma cika ledoji ko kaɗan ne. Akwai safiyoyin da na tsaya da makulli a hannu ina jin abokaina suna wucewa, zuciya tana cewa a bari sai yamma. Na san halin yamma, ga gajiya, ga tsamin ƙafa, ga hira a wurin mai shayi. Sai in rataye makullin a ƙusa in ɗauki bokiti. In na isa tasha da laka a farce, abokai su yi ta tsiya, wai ga sarkin noman leda ya fito. In taya su dariya, don ni ma ban san inda abin zai kai ni ba.

Ruwa daga rijiyar maƙwabta nake jawowa, maiɗakina kuma ta riƙa tara mini na ɗauraya a baho. Tsarin wankin hatsi kuwa ta ce kada in ko kalle shi, na akuyarta ne. Akuyar nan ce ta yi mini ɓarnar farko. Wata rana iska ta buɗe ƙyauren kangon, na dawo na tarar ta bi layi guda ta aske shi tas, sai tsinkaye a tsaye. Na zauna a kan tsohon turmin na daɗe. Maiɗakina ta ja akuyar ta ɗaure. Da safe na ba tsinkayen ruwa tare da sauran, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Wasu suka mutu, wasu suka sake tofo ta gefe. Na saro ƙaya na yi shinge, na kuma ƙara dashen zogale da gwaiba da dogonyaro.

Da damina ta zagayo na kai dashen kasuwa karon farko. Na shimfiɗa buhu kusa da masu sayar da iri, na jera. Zogale da gwaiba suka ɗan tafi. Mangwaro kuwa, wanda na fi ji da shi, duk wanda ya ɗaga sai ya tambaya ko ɗan aure ne, wato wanda aka haɗa wa reshen iri mai kyau. In na ce a'a sai ya ajiye. Wani dattijo ya ce mini shekarunsa ba za su kai ya jira na gargajiya ya yi 'ya'ya ba, ga shi in ya yi duk zare ne. Na kwaso su na mayar kango, na ci gaba da ba su ruwa.

Akwai wani malamin gona da nake yawan kaiwa sakatariya, mai fara'a, mai son tambaya. Wata rana ya tambayi dalilin lakar da ba ta rabuwa da hannuna, na ba shi labari. Ya ce mu fara biyawa ta gidan. Ya zagaya kangon hannu a baya, ya ce dashen sun yi ƙarfi, aure kawai suka rasa. Ranar Asabar ya dawo da sabuwar reza da 'yan rassa cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya yanko su daga wata bishiya mai daɗin 'ya'ya a lambun abokinsa. Ya sare kan dashe ɗaya, ya tsaga shi kaɗan, ya fiƙe reshen ta gefe biyu kamar bakin alƙalami, ya cusa, ya naɗe da zaren leda tam, ya kifa wata ledar a kai.

"Ɓawo ya haɗu da ɓawo," ya ce. "Kuma kada yatsanka ya taɓa wurin yankan."

"Malam, in bai kama ba fa?"

"Da farko ba zai kama ba. Ni ma a makaranta na kashe da yawa kafin ɗaya ya yarda. Ka riƙa yin kaɗan kullum, kada ka tara su rana ɗaya."

Haka kuwa aka yi. Na farko suka bushe suka yi baƙi cikin leda. Hannun da ya saba murɗa totur ba ya son aikin sannu. Sai na sa aure cikin aikin safiya, bayan ban ruwa, lokacin da gari ke da sanyi kuma girgizar mashin ba ta shiga hannu ba. Ranar da na ga ɗan tofo kore ya turo ledar daga ciki, na kwaɗa wa maiɗakina kira har ta fito da ludayi a hannu tana zaton wani abu ya same ni.

Daminar da ta biyo baya ban dawo da mangwaro gida ba. Masu lambu daga fadama suka saya, da masu sabon gini da ke son bishiya a tsakar gida, da wani shugaban makaranta mai neman inuwa. Mutane suka fara zuwa har gida suna sallama. Da na kawo cinikin farko na miƙa wa maiɗakina don cefane, sai ta ƙi karɓa.

"Wanga ba na tukunya ba na," ta ce. "Tukunya mashin ka ciyar da ita, yadda ya saba. In munka zuba wanga ciki, gobe ba mu ganin shi."

"To ina za mu kai shi?"

"Tunkiya. A kai ma Kawu ta shiga cikin nashi."

Haka muka yi, kuma muka ɗore a kai. Duk abin da kango ya kawo, in an cire na leda da reza, sai ya zama dabba a Fakku. Tunkiya ta haihu, aka sayar da rago da layya, aka haɗa aka sayi karsana. Ban taɓa jin mun yi arziki ba. Tuwonmu bai canza ba, rigata ta Juma'a ita ce dai. Sai dai in 'yarmu ta yi zazzaɓi, ko buhun hatsi ya zo ƙarshe, gabana ba ya faɗuwa kamar da.

Maiɗakina ce ta fara lura da wani canjin. Ta ce da can a tsaye nake shan kunu, ƙafa ɗaya a waje, yanzu kuwa ina zama har in suɗe kwano. A hanya ma na rage gudu ba tare da na yi niyya ba. Tsofaffi da mata masu goyo suka riƙa tsallake wasu su zo wurina.

Sai aka shiga lokacin da man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Mutane suka koma tafiya a ƙasa. Akan wuni a inuwar tasha, ɗan abin da aka samu kuma gidan mai ya lashe. Raha ta ragu, wasu abokaina suka tafi kudu ci-rani suka bar iyali. Ni kuwa lokacin kangon ya cika har na karɓi aron wani fili kusa da rijiya a bayan gari, aikin safiya ya fara kaiwa hantsi. Na je Fakku na yi shawara da Kawu a bakin turke. Ya saurare ni har na gama.

"In ba ka fita da mashin ba, wa ka rasa abin hawa?" ya ce.

Na ce babu, mashina sun yi yawa a garin.

"In ba ka ba itacen ga ruwa ba fa?"

Ya juya ya ci gaba da duba shanunsa.

Na wanke mashin, na yi masa juyen mai, na kai wa Alhaji. Ya zaci wani abu ne ya ɓata mini rai. Da na yi masa bayani ya yi dariya ya ce ashe karayar nan da alheri ta zo. Ya sa albarka, ya ce in kawo masa 'yan aure ya dasa a gonarsa. Na taka zuwa gida a ƙasa ta cikin kasuwa. Na zaci tsoro zai kama ni, amma yunwa kawai na ji, na tsaya na sayi dafaffen rogo da yaji.

Bara idon Kawu ya yi yana. Ya daɗe yana ɓoyewa, har ranar da Inna ta gan shi yana gaishe da ganyen ƙofa yana zaton baƙo ne. Aka ce sai an yi masa aiki a Sakkwato, ido ɗaya bayan ɗaya, kuma yana buƙatar mai zama da shi. 'Ya'yansa suna tsakiyar girbi. Da a zamanin mashin ne, da sai dai in je in gaishe shi in juyo a ranar, domin wuni ɗaya babu fita tukunya ce babu wuta. Wannan karon na sayar da raguna, na bar wa maiɗakina ban ruwa, na ɗauki jaka muka tafi. Muka sauka gidan wani ɗan'uwa, muka yi zamanmu har likita ya sallame mu. Babu wanda na nemi izininsa, babu wanda na roƙa. Ina zaune a benci a barandar asibiti, riƙe da sandar Kawu da takalmansa, na ji hankalina kwance yadda ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe gida.

Ranar dawowa na samar masa kujerar gaba a bas, ni ina bayansa. Likita ya ba shi baƙin tabarau ya ce kada ya cire a rana, amma muna fita gari ya ɗaga shi bisa goshi. Kaka ce, an yanke gero, dawa tana tsaye. Ya yi ta kallo ta taga har muka wuce garuruwa da dama. Can wajen Dogon Daji ya juyo.

"Dubi gonag ga," ya ce. "Mai ita ya cika iri, bai rage ba. Dawa duk ta tsaya siririya."

"Kawu, ku mai da tabarau, likita ya hana."

"Likita ba shi nan." Ya ƙara leƙawa. "Waccan kuwa ta yi kyau. Wa ad da ita?"

Direba ya ce bai san mai gonar ba. Wata mata daga baya ta ce ita ta san shi, surukin ƙanwarta ne, kuma takin shanu kawai yake zuba mata. Nan zance ya tashi, na taki da na ruwan bana, motar duka ta ɗauka. Kawu yana ta musu da wani mai goro a kan irin dawar da ta fi jure fari har muka shigo Tambuwal, inda maiɗakina ta dama fura tana jiranmu.